Garinmu da Na Gina a Cikin Wasa

Dubbo, ranar Lahadi da yamma

Zuwa ga Yayana Ilaitia,

Ina gaishe ka gaisuwa ta ladabi, cikin sunan Ubangiji wanda yake riƙe da ku a can tsibiri, yake riƙe da ni a nan. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Salanieta da yara duka. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwa, ya tsare ku a teku, ya sa gonar gwaza ta yi kyau bana. Na ji an ce iska ta kwashe rufin makaranta amma ba wanda ya ji ciwo, mun gode wa Allah. Na kuma ji wai ƙaramar ta fara tafiya, tana bin kaji har cikin coci. Ni ban taɓa ganinta ba sai a waya, amma na yi dariya ni kaɗai da na ji.

Ni lafiyata lau. Aiki yana nan yadda ka sani, yankan nama daga safe har la'asar, sanyin ɗakin ya farfasa mini yatsu amma sun fara sabawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta. Na zaɓi takarda ne don in na kira ka a waya, kai kana tsaye a kan tudu kana neman sabis, sai mu ƙare a gaisuwa ban faɗi abin da ke raina ba.

Torika ta aiko mini da saƙo daga birnin Suva. Ta ce Baffa Waisake, mai garinmu, ya ga bidiyon nan, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ya faɗa a gaban dattawa wai na sayar da garinmu Namoliwai ga Turawa, kada a ƙara kiran sunana a gaban akushin yangona, jiƙon saiwar da dattawa suke sha a zaman gari, kuma kada in sa ƙafata a garin da Kirsimeti sai na dawo da garin gaba ɗaya daga hannun baƙi. Yaya, ban sayar da komai ba, Allah ya sani. Amma ba na ce Baffa ya yi kuskure ba. Ina so ka ji yadda abin ya faru tun daga farko, don in ka je gabansa ka san abin da kake ɗauke da shi.

A nan ranar Lahadi ita ce mai wuya. In an tashi daga coci kowa sai ya shiga motarsa, garin ya yi tsit, ba teku, ba wanda zai kira ka daga ƙofar ɗakinsa ya ce zo ka ci. Apenisa da muke gida ɗaya, mutumin yankin Ra ɗin nan, abokan wasanmu na tsokana, barci yake yi har rana ta faɗi. Ni sai in je bakin kogi in zauna. Ruwan ja ne, ba ya motsi sosai. A nan wani Bature mai suna Kerrod ya riƙa ganina in ya fito yawo da karensa. Shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a wurin aikinmu, babban mutum ne mai jan gemu, ba mata, ba 'ya'ya. Wata rana ya ce mini wai ɗan tsibiri, in na ci gaba da kallon kogin nan haka zai ƙafe don kunya. Washegari ya kawo mini tsohuwar kwamfutarsa har gida, ya ce akwai wasa a ciki, in gwada.

Wasan, kai ne jarumi da takobi a wata ƙasa ta duwatsu da ƙanƙara. Akwai dodanni masu fukafukai da suke aman wuta, akwai matsafa, mutanen garuruwa suna aikenka kaza da kaza, in ka yi su ba ka lada. Ni faɗan bai dame ni ba. Tafiya kawai na riƙa yi, na bar hanya, na haye duwatsu, har na kai ƙarshen ƙasar na tarar da teku. Na tsayar da jarumin a bakin ruwa na daɗe. Da na gaya wa Kerrod ya yi dariya, ya ce mutane na kashe dodanni ni na je kallon ruwa. Sai ya nuna mini wani abu. Ashe wasan ana iya buɗe cikinsa kamar yadda muke buɗe cikin saniya a wurin aiki, a ga hanji da komai, a ƙara abin da babu. Su suna ce wa ƙarin mod. Akwai mutane a ko'ina a duniya da wannan ne aikinsu in sun tashi daga aiki, wani ya ƙara gidaje, wani dawakai, wani sabon labari gaba ɗaya, ba wanda yake biyansu. Shi Kerrod takubba da sulke yake ƙerawa. Na tambaye shi ko ana iya ƙara tsibiri a tsakiyar tekun nan. Ya ce ana iya, in mutum yana da haƙuri.

Na sha wahala, Yaya, don duk umarnin da Turanci yake, wasu kalmomin ko Kerrod sai ya sosa gemu. Gidan da na fara ginawa a sama ya tsaya, sai dai ka bi ta ƙarƙashinsa kana kallon daɓe. Aladen da na sa ya nutse a ƙasa, kansa kaɗai ya rage a waje yana gurnani. Apenisa ya leƙo ya gani, ya ce wai dama ya san mutanen tsibirinmu na Kadavu ba su iya kiwo ba, shuka alade suke yi suna jiran ya yi 'ya'ya. Na ce masa mutanen Ra ko aladen shukawar ba su da shi, ya koma barcinsa. Bishiyar kwakwa ma babu a wasan. Kerrod ya ce wata mata a can Turai ta ƙera, amma dokarsu ba a ɗaukar aikin wani sai an roƙe shi, kuma a rubuta sunansa. Wannan doka ta burge ni. Na rubuta mata roƙo da ladabi, ta amsa ta ce in ɗauka. Yanzu da nake rubuta maka nake ganin na roƙi matar da ban sani ba itatuwanta, ban roƙi Baffa garinsa ba. A lokacin ban ga haka ba. A kaina gidanmu nake tunawa kawai, da hannu.

A hankali garin ya tashi. Na sa coci a kan tudu, gangar katako a gefenta, babban gidan Baffa a tsakiya, gidanmu, gidan su Torika, hanyar da muke bi mu sauka bakin ruwa, har dutsen da ka taɓa zamewa a kansa da kifi a hannu. Na rubuta masa suna Namoliwai, don ban san wani suna da zan sa masa ba. Sai na ga garin ba kowa, na fara sa mutane. Daga ƙarshe na sa Kaka Akanisi a ƙofar madafarta, da ɗankwalinta. Ka tuna kafin in taso na ɗauki muryarta a waya tana kiran yara, tana cewa ku zo ku ci, rogo zai huce, kai mai ƙaton kai har da kai nake. Wata biyu ko uku bayan nan ta rasu ina nan, ban samu zuwa jana'iza ba. Wannan muryar na sa mata. Duk wanda ya matso kusa da madafar sai ta kira shi. Ranar da ta fara magana a cikin kwamfutar Apenisa yana tsaye a bayana da kofin shayi, sai ya fita waje.

Kerrod ya ce gari ba ya zama mod sai akwai abin yi a ciki. Sai na shirya shi yadda muke yi. Baƙo in ya sauka daga kwalekwale, sai ya cire kwalkwalinsa, ya sauke takobi daga kafaɗa, ya kawo saiwar yangona gidan mai gari, ya zauna ƙasa a bakin ƙofa a karɓi sevusevunsa, gaisuwar baƙo ta neman izinin shiga. In an karɓa ya zama ɗan gari. Za a aike shi ya taya gyaran jinka, ya kai wa Kaka itace, ya kamo kifi, sannan a ba shi mashi ya je ya fuskanci wani dodon ruwa da na ɓoye a mashigin duwatsun murjani na cikin teku. In kuwa ya shigo da hula a ka, ba gaisuwa, mutane za su juya masa baya, ba mai yi masa magana. Iyakar horon da na sa ke nan, don a wurinmu wannan ya isa mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kaka kaɗai na bari tana kiransa duk da haka, don ka san ita ko ɓarawon kaza ne sai ta ba shi abinci kafin ta zage shi.

Da Kerrod ya gwada ya ce shekara da shekaru yana wannan wasa bai taɓa ganin garin da ake sa jarumi ya zauna a ƙasa ba. Ya ce in ɗora shi a shafin da masu mod suke ɗora aikinsu, mutane su shiga. Kalmar da na ji ke nan, Yaya, mutane su shiga. Na ɗauka baƙi za su zo garin in gan su, mu gaisa. Ya taya ni ɗorawa ranar Asabar. Ranar Lahadi da na dawo coci ban cire farar rigata da zanin da mazanmu suke ɗaurawa zuwa coci ba, na share ɗaki, na kai jarumina gidan Baffa na zaunar da shi a wurin masu tarbar baƙi. Har na haddace abin da zan ce musu da Turanci. A shafin akwai lamba da take nuna mutum nawa suka ɗauka, tana ta hawa, ta wuce yawan mutanen garinmu har da na maƙabarta. Ina ta kallon bakin ruwa. Ba kwalekwale ko ɗaya. Na ce ko sun ɓata hanya ne, na tashi na kunna wuta a kan tudu don su hango. Haka na zauna har Apenisa ya farka, ya ce wai ango ina amaryar, ko ta gudu da mutumin Ra.

Ranar Litinin a wurin cin abinci na tambayi Kerrod me ya hana su zuwa. Ya fara dariya, da ya kalli fuskata sai ya daina. Ya ajiye burodinsa, ya kira ni Saki kamar yadda yake taƙaita sunana, ya ce ba wanda zai zo. Ya ce wasan na mutum ɗaya ne. Duk wanda ya ɗauka, kwafi ya ɗauka ya kai cikin kwamfutarsa, kamar hoto. Kowa yana da tasa Namoliwai, da nasa Baffa, da tasa Kaka, shi kaɗai a ciki, kamar yadda nake ni kaɗai a tawa. Ya ce ya zaci na sani, abu ne da kowa ya sani. Na koma kan tebur ina yankan nama. Ina ta tunanin Kaka a ɗakunan mutanen da ban sani ba, a ƙasashen da ban sani ba, tana kiransu su zo su ci, ba wanda yake jin yarenta.

Bayan haka ne bidiyon ya fito, wanda Torika ta gani ta nuna wa Baffa. Wani saurayi ne mai ɗaukar kansa a bidiyo yana wasa yana surutu don a kalla. Ya shiga garin da kwalkwali a ka. Da mutane suka juya masa baya ya ce wai garin nan ba su da tarbiyya, ya fara watsa wutar tsafi. Ka riga ka gani, ba sai na faɗa maka ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Kaka tana cikin cewa rogo zai huce ya sare ta, ya yi dariya, ya duba ko akwai abin ɗauka a jikinta. Na kai wa Kerrod wayar. Ya ce in yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce, haka suke yi wa kowane gari a wasan don su ga abin da zai faru, yaron bai san mutum ce ta gaske ba. Ya ce ai akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, in an danna ba a iya kashe mutum, duk mai mod yana danna wa mutanensa masu muhimmanci. Ya tambaye ni me ya sa ban danna ba. Na gan shi, akwatin, na kuma gane abin da aka rubuta. Ban danna ba ne don ban ga amfaninsa ba. Tsohuwa ce tana kiran mutum cin abinci, wa zai ɗaga mata hannu? Kerrod ya ce laifinsa ne da bai duba ba. Na ce a'a, ni na gina.

Ga abin da na yi tun da saƙon Baffa ya zo. Na sauke garin daga shafin, yanzu ba wanda zai ƙara ɗauka. Kerrod ya taya ni rubuta roƙo a wurin, na ce garin na gaske ne, tsohuwar kakata ce kuma ta rasu, dattawanmu ba su ba da izini ba, duk wanda yake da shi don Allah ya goge. Wasu sun amsa sun ce sun goge. Wani mutum ya rubuta cewa in ya taso daga aiki yakan je ya zauna kusa da madafar, ya tambaye ni me take cewa. Na fassara masa har da mai ƙaton kai. Ya ce ya gode, ya goge. Wasu sun ce abin da suka ɗauka ya zama nasu, in ba na so da ban ɗora ba. Mafi yawa ba su ce komai ba, saurayin bidiyon ma bai amsa ba. Na tambayi Kerrod ko akwai hanyar da zan bi in shiga in ƙwato sauran. Ya ce babu, ko masu wasan da kansu ba su da ita. Ina so ka gaya wa Baffa wannan yadda yake, kada ka sassauta masa. Ba zan iya dawo da garin gaba ɗaya ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce na dawo da shi ba.

Saura guda ɗaya da hannuna yake kaiwa, nawa. Na yi kwanaki ina gardama da kaina. Na ce ai ni ɗan gari ne, nawa ba ya hannun baƙo. Amma Baffa cewa ya yi gaba ɗaya, kuma nawa ne uwar sauran, shi ma ba da izini aka gina shi ba. In ka je ka zauna a gabansa a madadina ni kuma ina nan ina riƙe da shi a ɓoye, na sa ka ɗauki ƙarya ke nan. Yau da muka dawo coci na gaya wa Apenisa abin da zan yi. Na zaci zai tsokane ni. Sai ya shiga ɗakinsa ya fito da 'yar dakakkiyar yangona da yake ɓoyewa, ya dama a robar wanke shinkafa don ba mu da akushi, ya ce ba a barin gari ba sallama, ko garin mutanen Kadavu ne. Muka shimfiɗa tabarma a gaban kwamfutar. Na kai jarumin gidan Baffa na zaunar da shi, ni ma na zauna, na yi kalmomin neman tafiya yadda na ji manya suna yi, wasu na manta Apenisa ya cika mini. Muka tafa, muka sha. Na bi ta madafar sau ɗaya ta kira ni. Sannan na goge, har da ajiyar da Kerrod ya koya mini yi. Muryar Kaka dai tana nan a wayata, wannan kam ita ta ba ni da bakinta.

Yanzu roƙona gare ka, Yaya. Ka nemi saiwar yangona mai kyau, ka ɗauki Kawu Nemani ya raka ka, ku je gidan Baffa ku zauna ƙasa a madadina ku nema mini gafara. Ka ce masa yaron bai sani ba, amma rashin sanin bai rage abin da ya faru ba. Ka faɗa masa abin da na iya yi da abin da ya fi ƙarfina. In ya ce in zo da Kirsimeti, zan zo in zauna a bakin ƙofa. In ya ce tukuna, zan jira, ba zan yi fushi ba.

Akwai wani abu kuma, ƙarami, shi ma sai in Baffa ya yarda. Ɗazu da na kashe kwamfutar na rufe ido in ga garin, sai na rasa wanne nake gani, na gaske ko wanda na gina. Mangwaron nan, a hannun dama na coci yake ko ni na matsar da shi don ya samu wuri? Ban sani ba kuma, abin ya tsorata ni. In an ba ka izini, wata safiya ka kunna waya a aljihu ka taso daga bakin ruwa ka hau har gidanmu. Ba hoto nake so ba, sauti kawai, kana tafiya kana faɗa mini abin da kake wucewa. Ba zan sa shi a cikin komai ba. Saurare kawai zan yi.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata ina cin abinci, kada ta ji maganar nan daga bakin wani kafin kai. Ka gaishe da Yaya Salanieta, da Kawu Nemani, da Gwaggo Vasemaca, da Fasto da iyalinsa, da yara ɗaya bayan ɗaya. Torika kuma ka ce mata ban riƙe ta a zuciya ba, daidai ta yi. Apenisa yana gaishe ku, ya ce wai a ajiye masa alade ɗaya in ya nuna. Baffa Waisake ba zan aika masa gaisuwa a takarda ba, sai wadda za ka kai da hannunka.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Sakiusa